Laftof ɗinka bai mutu ba, saiti ne

Jama'a, ku tsaya mu yi maganar tsofaffin laftof ɗin nan na hannu da suka cika gidajenmu daga Barnawa zuwa Kakuri, Television har Sabon Tasha.

Yanzu kowa ya gane cewa cire tsohon faifan ajiya a sa SSD yana dawo wa tsohuwar HP ko Dell da ƙuruciyarta. Gaskiya ne. Matsalar tana farawa ne bayan an sa. A zo ɗora Windows ta ƙi shiga, ko ta shiga a kunna allo ya ce bai ga abin da zai tashi da shi ba. Nan take wasu masu gyara sai su ce maka bod ne ya ƙone, ka sayar musu a matsayin kayan gyara. Haba malam!

Sau da yawa saiti ne kawai. Tsofaffin injuna suna tashi ta tsarin Legacy da faifai mai tsarin MBR, na baya-bayan nan kuma UEFI da GPT. In an haɗa filashin Windows da tsari ɗaya, BIOS kuma yana kan ɗayan, ba za su taɓa jituwa ba. Manhajar Rufus kyauta ce, kuma ita da kanta tana tambaya wanne kake so. Aikin 'yan mintoci ne ga wanda ya sani.

Abin da ya fi damuna shi ne Windows 11. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10 yadda ta saba. Ita kuwa 11 tana neman TPM 2.0, ga Intel kuma daga ƙarni na 8 zuwa sama, yawancin na hannun ɗalibanmu kuwa ba su kai nan ba. Sai a bi ta bayan gida a cusa ta, a karɓi kuɗi, ba a gaya wa mai kaya cewa Microsoft ba ta yi alƙawarin ci gaba da aiko wa irin wannan injin sabuntawa ba. Ni ban ce kada a yi ba, amma fisabilillahi a faɗa wa mutum ya zaɓa da kansa. Wanda aikinsa rubutu ne da shiga intanet, Linux Mint za ta ɗauke shi lafiya lau, ko kwabo ba zai biya ba.

Sannan tsohon faifan, don Allah ku karɓi abinku kafin ku bar shago. Hotunan iyali, takardun makaranta, kalmomin sirri na banki, duk suna ciki, kuma gogewar da aka saba yi ba ta hana a dawo da su. A saya masa ɗan gida mai USB, ya koma wurin ajiya.

Masu gyara na cikinku, nawa kuke karɓa yanzu in faifai kawai za a canja a ɗora Windows?