Hanyar lafiya a bi ta da shekara: darasin kafa doka a Faransa

Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Wannan magana ta dace ƙwarai da aikin kafa doka a ƙasashen da majalisa ke da ikon tuɓe gwamnati, kuma abin da ya auku a Faransa daga 2023 zuwa 2025 ya isa misali.

Bisa ga tsarin mulkin 4 ga Oktoba 1958, daftarin doka yana fitowa daga gwamnati ko daga ƴan majalisa. In na gwamnati ne, sai masanan doka na hukuma sun duba shi, taron ministoci ya amince, kana a kai shi majalisa. Majalisun biyu ne: ta dokoki mai depite 577, wadda Diori Hamani ya shiga da sunan Nijar a 1946, da ta dattawa mai wakilai 348. Kwamiti yana fara tankaɗe da rairaya, sa'an nan a karanta daftarin a zaure aya bayan aya, a gyara, a jefa ƙuri'a. Haka zai yi ta kai da komowa tsakanin majalisun har bakinsu ya zo ɗaya. In sun saɓa, depite 7 da dattawa 7 su zauna neman daidaito. In abin ya faskara, gwamnati tana iya bai wa majalisar dokoki maganar ƙarshe, domin ita ce talakawa suka zaɓa da hannunsu. Daga nan shugaban ƙasa yana da kwana 15 ya sa hannu, a buga a jaridar hukuma. Kafin sa hannun, depite 60 ko dattawa 60 suna iya kai ƙara kotun tsarin mulki.

Amma akwai wata gajeriyar hanya, wato aya ta 49, sakin layi na 3. Da ita faraminista ke ɗora ran gwamnatinsa bisa daftarin, sai a ɗauka majalisar dokoki ta amince ba tare da ƙuri'a ba, sai fa in an shigar da takardar yankan ƙauna cikin awa 24 kuma ta samu rinjaye. Waɗanda suka rubuta ayar suna da hujja: tsakanin 1946 da 1958 Faransa ta yi gwamnati sama da 20, kuma ƙasar da ba ta da kasafin kuɗi ba ta iya biyan malami ko likita. Michel Rocard kaɗai ya bi wannan hanya sau 28 daga 1988 zuwa 1991, har gyaran 2008 ya taƙaita ta ga dokokin kuɗi da wani daftari guda a kowane zangon majalisa.

Ranar 16 ga Maris 2023, Élisabeth Borne ta bi ta domin ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64. Takardar yankan ƙauna ta samu ƙuri'a 278 alhali ana bukatar 287, wato gwamnati ta tsira da 9. Kotun tsarin mulki ta amince da mafi yawan ayoyin ranar 14 ga Afrilu. A takarda dai babu abin da aka taka. Duk da haka ma'aikata suka yi watanni suna zanga-zanga. Ranar 4 ga Disamba 2024, Michel Barnier ya faɗi da ƙuri'a 331 bayan ya bi wannan hanya, abin da ba a gani ba tun 1962. A Oktoba 2025 kuwa, faraminista Sébastien Lecornu ya sanar da depitoci cewa za a dakatar da dokar ritayar. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Abin lura shi ne, jinkirin majalisa ba ɓata lokaci ba ne, shi ne aikin kansa. A zaure ne ake jin kukan magini da ya fara ɗaukar bulo tun yana yaro, a can ne ake gano ayar da za ta cuci wanda ba a yi nufi ba. Wanda aka saurara kana aka kayar da shi da ƙuri'a yakan haƙura. Wanda aka rufe wa baki yakan nemi titi. Gajeriyar hanya tana da amfani ranar da tukunyar ƙasa za ta kife, amma magani ce mai ɗaci, ba tuwon kullum ba.

Saboda haka ma'aikacin hukuma da ke tsara daftari, a kowace ƙasa yake, ya kamata ya tuna cewa sa hannu yana ba doka ƙarfi, amma yardar jama'a ce ke ba ta tsawon rai. Wanda ya fito makarantar yaƙi da jahilci kuma, duk lokacin da ya ji an kafa doka, yana da hakkin tambaya: wa ya kawo ta, wa ya duba ta, mutum nawa suka amince? Allah ya sa a gane.