A Bar Zoɓo Ya Zama Zoɓo

Ya 'yan'uwana ɗalibai, a kan zoɓo nake so in yi magana, amma ku yi haƙuri in fara da labarin wani abin sha na Amurka. Ni dai ba na shansa, addinina ma ya hana ni. Darasin da ke ciki kurum nake so mu ɗauka.

A shekarar 1806 wata jarida a jihar New York ta bayyana wa masu karatunta abin da ake kira koktel. Abu huɗu ne tak: giya mai ƙarfi, da sukari, da ruwa, da 'yan ɗigon wani ruwan sassaƙe mai ɗaci. Da tafiya ta yi tafiya masu sayarwa suka shiga gasa, wannan ya ƙara kaza, wancan ya ƙara kaza, har mai sha ya rasa gane abin da ke cikin kofinsa. Wajen 1880 sai mutane suka fara cewa su dai a haɗa musu irin na da. Daga nan haɗin wiski ya sami sunan Old Fashioned, watau tsohon yayi, har yau kuwa da shi ake kiransa.

To, abin da ya sami koktel shi ya sami zoɓonmu a nan Minna. In mutum ya shiga Kasuwar Kure cikin zafin watan Maris ya sayi gora guda, sau da yawa zai ji abarba, ya ji kokwamba, ya ji wani ƙamshin kanti mai kama da alawa, ga sukari kamar an zazzage buhu. Zoɓon kansa kuwa sai dai jan launi. Ba na zargin matan da ke sayarwa, abin da masu saye ke nema suke yi. Laifinmu ne da muka bar harshenmu ya saba da lemon kwalba, wanda 'yar kwalba guda ke ɗauke da sukari wajen cokalin shayi 9. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa a 2015 ta ba da shawara kada baligi ya wuce misalin cokali 12 a yini.

Abin mamaki, baƙi sun fi mu sanin darajarsa. Mutanen Masar na shan karkade, na Senegal na shan bisap, Meziko kuma har daga Jigawa take sayen busasshen zoɓo.

Ga yadda nake haɗa nawa a gida, kowa ya gwada ya gani. Zoɓo cikin gwangwanin madara 2, a ɗauraye shi da ruwan sanyi maza-maza don yashi ya fita, kada a jiƙa, gama launinsa zai bi ruwan. A zuba ruwa lita 3, da citta misalin babban yatsa an ɗan daddaka, da kanumfari ƙwaya 7. In ya tafasa a ba shi minti 10, a sauke, a rufe har ya huce, kana a tace. Sukari shi ne na ƙarshe, cokali-cokali, ana ɗanɗanawa. Lalle a bar tsamin ya ɗan ciji harshe, don shi ke kashe ƙishirwa. Kanumfari fa azzalumi ne, in ya yi yawa ba ya barin kowa ya yi magana a tukunya.

Kanwa kam ban yarda da ita ba. Wasu na jefa ta don rage tsami, ita kuwa sai ta dusashe jan nan mai kyau ya koma baƙi-baƙi.

Ko da yake wannan ma abin amfani ne gare mu malaman gobe. Ranar da ka fita gwajin koyarwa, in makarantar ba ta da kayan kimiyya, tafi da zoɓo kofi 2 marar sukari. Matsa lemon tsami a ɗaya, yara su ga ja ya ƙara haske. Zuba ruwan kanwa a ɗayan, su ga ya yi duhu. Sa'an nan ka tambaye su me ya faru, kada ka yi gaggawar gaya musu.