Lafiya Uwar Jiki: Jinjiri da Kyanwar Gida

A ƙasar Matamai da wuya ka ga gidan da ba kyanwa, don ita ke tsare rumbu daga ɓera. Ga tantabaru, ga kaji, ga awaki. In jinjiri ya kama tari da shaƙewa, ko jikinshi ya yi ta ƙaiƙayi, sai wasu su ce a kori dabba. Ba nan ake farawa ba.

Likitocin Jamus da Suwis sun lura yaran da suka tashi kusa da shanu ba su cika yin fuka ba. Amma akwai yaron da jikinshi bai karɓar kyanwa. Abin da ke tada mai ciwon yana cikin miyaunta da ɓarɓashin fatarta, yana maƙalewa a tabarma da zane.

To a hana ta ɗakin kwana. A wanke shimfiɗa a shanya a rana. A yayyafa ruwa kafin shara. A nisanta akurki da ɗakin yaro. A kare shi daga hayaƙin murhu da ƙurar hunturu, su ma suna tada fuka. In duk sanda kyanwa ta raɓe shi ciwo ya tashi, sai ta koma wajen rumbu ko gidan maƙwabci.

Jinjiri ɗan wata 2 zuwa 12, in numfashinshi ya kai 50 a minti ɗaya, ko ƙirjinshi na lotsawa, kar a kwana da shi gida. Sai asibitin Matamai.