Masu Tallar Magani da Lasifika

A titunan Romi, kamar sauran unguwannin Kaduna, akan ji masu lasifika suna tallar ƙwaya ɗaya wai tana warkar da ciwon suga da hawan jini. Dokar abinci da magunguna ta 1974 ta hana wannan. Abin tsoro shi ne majinyaci ya gaskata, ya watsar da maganin asibiti. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin bincike, amma ba ta da kunne a kowane lungu.

Malamai da akawuna, ku ne masu alƙalami. Wanda yake tsoron mai tallar, watakila ma maƙwabcinsa ne, ya sakaya sunansa, ba laifi. Amma lalle ya rubuta sunan maganin, da wurin, da ranar, da ainihin abin da aka faɗa, don ma'aikatan hukumar su san inda za su dosa.