Gasar Sinuka: A Rubuta Doka Kafin Asabar

'Yan uwa mazauna Sabo, Ibadan. Wannan makon ma wasa biyu sun tashi babu sakamako, duk a kan baƙar ƙwallo. Namu fa ba sinukar asali ba ce mai jajayen ƙwallaye 15, mai lamba 8 muke bugawa, kuma kowane teburi da dokarsa. Wannan ya ce in farar ta bi baƙar cikin rami ka faɗi, wancan ya ce a sake jerawa. In abokin karawar Bayarabe ne, nan da nan gardamar wasa ta koma ta ƙabila, alhali shagunan iyayenmu suna bakin titi. Masu shirya gasa, don Allah ku rubuta doka ɗaya ku manna a bango.