Ku daina kashe mana afdet da sunan adana data

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, musamman ku 'yan sashen kwamfuta da kuka zama makanikan laftof ɗinmu a hostel.

Wai wa ya koya muku cewa da an ɗora Windows, abu na farko shi ne a kashe afdet? Sabon ɗalibi ya kawo muku na'urarsa, kun toshe mata hanyar karɓar gyara, sannan kun ce masa kun taimake shi ya adana data. Haba jama'a!

Bari in ba ku misali ɗaya. A cikin Windows akwai wani sashe da ake kira IKE. Aikinsa gaisuwar farko: kafin kwamfuta biyu su buɗe VPN irin na IPsec, sai sun yi musayar makulli ta ƙofar UDP 500. Ita kuwa wannan gaisuwa tana farawa ne tun kafin a tantance wane ne ya zo. Ke nan duk wanda saƙonsa ya kai bakin ƙofar, sai an saurare shi. A Janairun 2023 Microsoft ta toshe wasu ramuka a sashen nan, waɗanda mutum zai turo gurɓataccen saƙo ya durƙusar da aikin, ba ruwansa da kalmar sirrinka. Wanda ta toshe a Satumbar 2022, CVE-2022-34721, ya ma fi muni, don shi yana ba maharin damar gudanar da umarninsa a kan na'urar.

Sai ka ji wani gwani yana cewa ai durƙusarwa ce kawai, ba a saci komai ba. Kawai? Je ka faɗa wa ɗalibin da ke yi wa kamfani aiki daga ɗakinsa yana haɗa kuɗin makaranta, ranar da VPN ɗin kamfanin ya faɗi, aikin da zai miƙa yana can ciki, lokaci kuma yana ƙurewa. Wanda aka rufe wa shago ranar kasuwa ba a ɗauke masa ko allura ba, amma wallahi ya yi asara.

Gaskiya ne, harin ba ya kamawa sai IPsec na aiki a na'urar, kuma ba maganar VPN ɗin da muka riƙa sauke wa wayoyinmu ake ba lokacin da aka rufe Twitter a 2021. To amma gyaran ba shi kaɗai yake zuwa ba. Afdet ɗin Janairun nan ramuka kusan 100 aka toshe a cikinsa, wanda kuwa kuka kashe wa afdet bai samu ko ɗaya ba.

Data na da tsada, mun sani. Talata ta biyu a kowane wata Microsoft ke sakin gyara. A kai laftof laburare a hau Wi-Fi, ko a sayi datar dare. Masu ɗora wa mutane Windows 7 kuma, don Allah ku bari, tun Janairun 2020 aka daina tallafa masa.