Hukuncin 5Pointz da haƙƙin masu zanen bango

A 2013 mai ginin 5Pointz da ke unguwar Queens a birnin New York ya sa aka shafe zane-zanen jikin bangonsa da farin fenti cikin dare. A 2018 kotu ta umarce shi ya biya masu zane 21 diyyar dala miliyan 6.7, kuma muna ganin hukuncin ya yi daidai. Masu suka na cewa gini nasa ne, yana da ikon yin abin da ya ga dama da shi. Amma da izininsa aka yi ta zanen shekara da shekaru, har wurin ya zama abin zuwa kallo. Dokar Amurka ta 1990 da ke kare haƙƙin masu zane ba ta hana shi rushe gininsa ba, ta dai tanadi sanarwar kwana 90 domin masu zane su ceci aikinsu, kuma wannan wa'adin ne ya ƙi jira.